Kifin da ya kori kabet ɗin uwargida

Ni tela ne a Nima, cikin Accra, tef ba ya sauka daga wuyana, don haka ranar da na sayo kifin nan da ake kira arowana, tun yana cikin leda na ɗora masa tef. Santimita 12 daga gemu zuwa wutsiya. Siriri, fari tas kamar sabuwar wuƙa, ga idanu ƙwala-ƙwala da suka yi wa kansa yawa. Mako biyu ke nan da Babbar Sallar 2023, kuɗin ɗinki bai gama zurarewa daga aljihu ba, kuma wanda ya san tela ya san a irin wannan lokacin ne muke sayen abin da babu wanda ya aike mu.

Da ma ina da tankin gilashi a falo, tsawo santimita 120, faɗi 45, zurfi 50, yana cin lita 270 in an cika shi. Shekara biyu yana zaune lafiya da mutanensa: ƙananan gofi masu wutsiya kamar gyale, taiga-bab guda takwas masu ratsin baƙi a jiki, da fileko ɗaya mai manne wa gilashi yana lasar gansakuka. Na tambayi mai shagon da ya sayar mini ko arowana zai zauna da waɗannan. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Masta, wannan ba ruwansa da kowa." Ban ce ya yi mini ƙarya ba. A ranar gaskiya ya faɗa. Abin da bai gaya mini ba shi ne kowa da ruwansa da shi, kuma nan da wata uku labarin zai juye.

Abu ɗaya na yi daidai a shagon, shi ma ba dabarata ba ce. Ina da aboki a Ashaiman, Alhaji ne direban tifa, ya riga ni shiga wannan harka da shekaru. Na kira shi ina tsaye gaban tankin 'ya'yan arowanan, ya ce in duba cikinsu. Wasu daga ciki suna ɗauke da wani ƙullutu ruwan lemo a ƙarƙashin ciki kamar gwaiduwar ƙwai. Ashe gwaiduwar ce da gaske. Shi wannan farin arowana asalinsa kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, kuma namijin ne ke ɗaukar ƙwai a bakinsa har su ƙyanƙyashe, su yi makonni a ciki suna rayuwa da wannan gwaiduwa. Wanda ka gani da ita a shago, an raba shi da bakin ubansa tun lokaci bai yi ba. Alhaji ya ce, "Kar ka taɓa masu ƙullutun nan, ko kyauta aka ba ka. In ya fashe shi ke nan. Ka nemi wanda cikinsa ya shafe, kuma sai ya ci abinci a gabanka kafin ka ciro kuɗi." Haka na yi. Aka jefa ɗan abinci, ɗaya daga ciki ya zo ya kafta, na ce shi nake so. Kuɗin ɗinkin kaftani uku na ajiye.

Na rungumo ledar a trotro, motar haya, kamar mai ɗauke da jariri. A gida na bar ta tana yawo a saman tanki rabin awa don zafin ruwan ya daidaita, ina zuba ruwan tankin a ciki kofi-kofi, sannan na sake shi. Ya miƙe ya kama saman ruwa, yana kai da komowa, gemunsa biyu a gaba suna shafar fuskar ruwan. Yara suka yi ta tsalle. Uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Wannan tsinken ne ya ci kaftani uku?"

Kwana uku aka yi, wutsiyarsa ta koma kamar bakin yadin da aka yanka da dakusasshen almakashi. Na zauna bayan Isha'i na kashe fitilar ɗaki na zuba ido. Taiga-bab ɗin nan ne. Ɗaya zai zo ta baya ya cizga ya gudu, kafin ya juyo wani ya zo ta gefe. Har gemun suke kai wa cafka. Shi kuwa da ake ce wa sarkin tanki ya takure a kusurwa bayan bututun filta, ya daina cin abinci. Kowa in ya ji arowana sai ya tuna babban nan mai haɗiye komai, amma ƙaraminsa matsoraci ne, jikinsa ba ƙwari, ba ya iya kokawar abinci, kuma dogayen fika-fikansa tayi ne ga duk kifin da ke da halin cizo.

A nan na tafka kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Na ce bari in cece shi, na aro ƙaramin tanki, na wanke shi fes, na cika da sabon ruwa, na sa sabuwar filta fil daga kwali, na mayar da shi ciki shi kaɗai. Kwana biyar ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, kifin yana haki, marfin kumatunsa na buɗewa da sauri. Na sake kiran Alhaji. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ka fitar da shi daga hannun 'yan daba ka kulle shi a masai."

Shi ya zaunar da ni ya karanta mini karatun ruwa, wanda shekara biyu ina kiwon kifi ban sani ba, sa'a kawai ke tafe da ni. Kashin kifi da numfashinsa da ragowar abinci suna fitar da amoniya, ita kuwa guba ce. A tsohon tanki akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin soson filta da kan tsakuwa, su ke juya amoniya ta koma naitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su juya wannan ta koma naitiret mai sauƙin illa, wadda canjin ruwa ke fitarwa. Kafin waɗannan ƙwayoyin su kafu a sabuwar filta ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Wato dattin nan mai ruwan ƙasa da nake ƙyama a soso, shi ne ran tankin. Ni kuwa da na saba duk wata in kai soson bakin famfo in wanke shi tas, ashe kulorin ɗin ruwan famfo kashe su yake yi, ina murna na yi tsafta.

Maganin bai da wuya. Na yanko rabin tsohon soson na cusa a sabuwar filta, na riƙa canza kashi ɗaya bisa uku na ruwan kullum, na rage abinci. Na sayo kwalaben gwajin ruwa, waɗanda ake ɗiga wa a ɗan bututu a duba launi. Ranar farko gwajin amoniya ya yi kore, na ji kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki. Bayan kwana goma ya koma ruwan ɗorawa, wato sifili. Su kuwa taiga-bab na kwashe su duka na ba wani yaron shagona da ke ta nacin su. Sai da babban tanki ya zama babu mai cizo na mayar da arowana gidansa.

Ruwa a Accra kuwa shi kansa aiki ne. Famfonmu ba kullum yake zuwa ba, ranar da ya zo gidan haya kowa da bokitinsa a layi. Na ware galan Kufuor huɗu, manyan jarkokin nan na mai da ake ɗibar ruwa da su, waɗanda na tabbatar an wanke su sun rabu da ƙanshin mai, na rubuta musu "kifi" da alli na ɗinki don kar a ɗiba a yi wanki, ko a zuba musu omo. Ina ɗiga maganin kashe kulorin, in bar su su kwana a buɗe a cikin falon don zafinsu ya zo ɗaya da na tanki. Duk Lahadi da safe ina zuƙe kusan lita 80 da tiyo daga ƙasa, inda datti ke taruwa, in mayar da sabo a hankali. Soso kuma a cikin ruwan da na zuƙo nake matsa shi, sau biyu ko uku, ba ƙari. Wani maƙwabci ya ce in huta da wahala in ɗebi na rijiyar burtsatsensa. Na ɗanɗana na ji gishiri-gishiri, na yi masa godiya. Hita kam ban cika bukata ba, domin kifin yana son zafi tsakanin digiri 24 zuwa 30, falona kuma yawanci yana kan 27 ko 28. Sai dai a watan Agusta da garin ke yin sanyi, da kuma wasu darare na hunturu, nakan jona ta don kar ruwan ya faɗi da asuba.

Yana santimita 20 Kawuna ya zo daga Kumasi duba asibiti ya sauka wurinmu. Kawu ya yi shekaru yana fataucin banda tsakanin Yeji da Kumasi, babu kifin tafkin Volta da bai san sunansa da farashinsa ba. Ya tsaya gaban tankin ya goya hannu a baya, ya daɗe, sannan ya ce, "Kai yaro, bargi ka sa a gilashi? Bargin da muke lodawa a kwando?"

Na ce, "Kawu, ba bargi ba ne, daga Amurka ta Kudu yake."

Ya ce, "Ka gaya wa wani. Dubi ɓawon, dubi inda fiffiken ya koma baya."

Kuma Kawu bai yi nisa da gaskiya ba. Bargi dangin arowana ne na nesa, har a kasuwar kifin ado ana kiransa arowanan Afirka. Bambancin yana baki. Na bargi ƙarami ne mai kauri, tace ruwa da laka yake yi yana cin ƙananan halittu da 'ya'yan ciyawa, kuma sheƙa yake ginawa cikin ciyayin bakin ruwa. Nawa kuwa bakinsa sama yake kallo, in ya buɗe kamar an sauke bayan tifa. Na jefa gyare ɗaya. Kafin ya taɓa ruwa sosai an ji "ɓas", babu shi. Kawu ya ja da baya ya ce, "A'a. Bargi mutumin kirki ne. Wannan ɗan fashi ne."

Maganar Kawu ba ta yi wata guda ba na fara ƙirga gofi. Da sun kai ashirin da wani abu. Wata safiya na ga sha tara, bayan kwana biyu sha biyar. Babu gawa, babu ƙashi. Ƙaramar 'yata ce ta kama shi da idonta, ta zo shago da kuka wai ya cinye mai jar wutsiya, wadda ta sa wa suna. Kifin da na yi ta karewa daga cizo wata uku da suka wuce, yanzu shi ake gudu. Na kwashe ragowar gofin na mayar da su ƙaramin tankin nan na aro, wanda daga baya dole na saye shi.

Tun daga nan na koma auna baki maimakon auna jiki. Duk kifin da zai shiga bakin arowana abinci ne, ko yau ko gobe, kuma bakin ya fi yadda ido ke zato girma. Duk wanda kuma ya fi shi faɗa ko saurin ci, zai hana shi sakat. Wanda ya rage a tsakani shi ne maƙwabci: mai girman da ba zai haɗiyu ba, mai sanyin hali, wanda kuma ba ya zama a saman ruwa, domin saman nan nasa ne shi kaɗai. Matsalar ita ce awon ba ya tsayawa. A shekarar farko yana ƙara kusan santimita 4 zuwa 5 duk wata, maƙwabtan kuwa ba sa binsa da wannan gudu. Wanda ya tsira a watan Oktoba ba lallai ya tsira a Janairu ba. Wani ya ba ni shawarar wani kifin ado da ake kira oska, na ƙi, domin na ga yadda oska ke tunkuɗe kowa a wurin ci, kuma nawa a lokacin bai yi ƙwarin da zai ja da shi ba. Na biyu daga jinsinsa ma ban yi gangancin ƙarawa ba, biyu a ƙaramin wuri ɗaya zai kashe ɗaya.

Na fara da silba dala guda shida. Su ma 'yan Amazon ne, masu faɗi kamar faifai, zagaye kamar tsohon kwabo, ganye suka fi ci. Ko ya so haɗiye su faɗin ba zai bari ba, muddin ka sayi waɗanda suka riga suka kai tafin hannun yaro. Suna yawo a tsakiyar ruwa a ayari, kuma na lura tun da suka zo shi ma ya rage firgita, kamar ganinsu suna harkarsu yana gaya masa gari lafiya. Ganyen latas nake maƙala musu a gilashi. Shuke-shuken da na dasa kuwa cikin mako guda suka mayar da su kara.

Na ƙasa kuma Kawu ne ya kawo. Da ya koma ya yi wa wani tsohon abokin cinikinsa magana, aka aiko mini da gwando biyu da kurungu ɗaya a jarka, da ransu, a motar dare. Abin ya ba ni dariya: masu shagon ado suna sayar da gwando da tsada da sunan Turanci, ga shi a ruwanmu masunta ba su ma cika damuwa da shi ba. Ban zuba su kai tsaye ba, wannan karon na yi hankali. Wata guda cur suka yi a wata babbar roba da injin iska, ina duba ko akwai farin ɗigo a jiki ko tsutsa maƙale a fata, domin kifin kogi yakan zo da baƙinsa. Gwando yana da huhu, yakan taso ya shaƙi iska ya koma, idonsa ba ƙarfi, da hanci yake neman abinci, kuma da dare yake harka. Don haka sai an kashe fitila nake jefa musu nasu mai nutsewa, in ba haka ba silba dala sun wawashe. Kurungu kuma sai da na tabbatar ya fi ƙarfin bakin arowana nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa gyara kurungu ya san ƙayoyin nan uku, na baya da na gefe biyu, da yake miƙewa su kulle. In arowana ya yi kuskuren haɗiyar ƙarami ya kafe masa a maƙogwaro, asara biyu ke nan. Na sa musu guntayen bututun roba masu faɗi a ƙasa su riƙa ɓuya.

Fileko ne ya ba ni mamaki. Shekara biyu ina masa kallon salihi, sai wata asuba na haska tocila na gan shi manne a bayan gwando yana tsotsar yauƙin jikinsa, ya bar masa tabo fari. Ranar ya koma Ashaiman wurin Alhaji.

Abinci ma sai da muka yi daru. Da gyare da fara da tana ya saba, ya ƙi na gwangwani, irin ƙwayoyin nan masu yawo a saman ruwa. In na jefa sai ya ɗauka ya tofar, ya juya mini baya. Alhaji ya ce in bar shi da yunwa kwana uku, ba zai mutu ba, tunda ya riga ya yi jiki. A rana ta huɗu na jefa gyare ɗaya, na bi shi da ƙwaya ɗaya nan take, ya kafta cikin zafin nama kafin ya gane. A haka a haka har ya karɓa. Yanzu ita ce tushen cinsa, sai jatan lande ɗanye da nake ɓare wa, ba mai gishiri ko mai hayaƙi na kasuwa ba, da ɗan naman karfasa wani lokaci. Yana ƙarami sau biyu a rana, da ya girma sau ɗaya. Da ruwan farko ya sauka shinge ya cika ƙarƙashin fitilar titi, yara suka ciko kwano, ya yi sallarsa. Kyankyaso ne na hana su kamo masa, duk da yana so, domin gidan haya ne, ban san ɗakin da aka barbaɗa magani ba. Ƙananan kifaye masu rai da ake sayarwa don ciyarwa su ma na ƙi, da su cuta ke shigowa.

Maganin sauro na feshi kuwa na kafa masa doka a falon tun kafin ya yi mini ɓarna. Alhaji ya taɓa rasa tanki guda a dare ɗaya, wani baƙo ya fesa ɗakin ya rufe ƙofa, injin iska ya zuƙi gubar ya tura cikin ruwa. Irin sinadarin nan da ke kashe sauro kaɗan ya ishi kifi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Gidan sauro muka koma, ko na ƙonawa ba a kunnawa a falo.

Daren da na fi tunawa a watan Nuwamba ne. An ɗauke wuta tun magariba, na kunna ɗan injin iska mai batir na kwanta. Na manta ban kashe makunnin fitilun falo da ta tanki ba. Wajen ƙarfe biyu aka dawo da wuta, komai ya haske lokaci guda. Daga ɗaki na ji ƙara kamar an mari ƙofa, sai kuma faɗuwar abu a kan leda. Na fito a guje. Ga shi a ƙasa kusa da ƙafar kujera, santimita 30 na azurfa yana birgima cikin ƙura.

Tankin yana da murfi. Amma akwai wata 'yar kafa a kusurwa da na bari don jefa abinci da wucewar wayoyi, faɗinta bai fi yatsu uku ba. Ta nan ya bi. A dajinsu idan ruwa ya yi ambaliya ya shiga ƙarƙashin itatuwa, tsalle yake yi ya cafko ƙwaro daga reshe, har ana masa laƙabi da birin ruwa. Kifin da aka halitta da wannan, in ya firgita sama yake nufa.

Na jiƙa tawul a ruwan tankin na lulluɓe shi na ɗauka, don busasshen hannu yana kwashe yauƙin da ke kare fatarsa. Na mayar da shi, ya kife a gefe. Na tallafe shi da hannu biyu a cikin ruwan, na fuskantar da kansa wurin da kumfa ke tasowa. Uwargida na tsaye da tocila tana ta salati, ita da ke cewa tsinke. Ban san minti nawa muka yi ba, hannuna dai ya yi sanyi ya ƙage. Can na ji ya motsa wutsiya, ya zame daga hannuna ya tafi a karkace, sannan ya miƙe. Na tsinci ɓawonsa uku a ƙasa, kowanne kamar farcen babban yatsa. Kwana shida bai ci komai ba. Ban zuba masa wani magani ba, ruwa kawai na riƙa canzawa kaɗan-kaɗan kullum, na rufe gaban tankin da zane don ya samu natsuwa. Ɓawon ya sake tsirowa cikin 'yan makonni. Gemu ɗaya ne ya ɗan lanƙwashe, har yau a haka yake.

Washegari na kira mai alminiyom ya yi mini murfi mai ƙugiya, muka toshe kowace kafa da raga, na ɗora galan biyu cike da ruwa a kai, domin in ya girma murfi marar nauyi ɗaga shi yake yi. Na rage ruwan ya sauka da kamar faɗin tafin hannu daga baki. Kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta, kafin in nemi tocila ma fitilar tanki nake fara cirewa daga soket. Da safe kuma sai ɗaki ya yi haske tukuna ake kunna tasa.

Azumin 2024 dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya dawo da ƙarfinsa, ga zafi, ga ɗinkin Sallah ya taru. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, kifayen kuma sun girma. Batir ya kan ƙare, sai in tashi bayan sahur in riƙa ɗibar ruwan da moɗa ina kwararo shi daga sama don ya sha iska. Ranar da babu wuta ba na ba su abinci sam. In kuma ta daɗe ba ta zo ba, ba na barin filta ta tashi da kanta, sai na zubar da ruwan da ya kwana a cikinta, domin ƙwayoyin nan in suka rasa iska mutuwa suke yi, ruwan ya yi ɗoyi, in ya koma tanki ya zama guba. Daga ƙarshe na haɗa injin iskan da wani tsohon batirin mota, na samu barci.

Masu kawo ɗinki in suka biyo ni gida sukan tambaya ko wannan ne kifin da ake cewa ya kai kuɗin mota. Ba shi ba ne. Wancan na Asiya ne, ja ko ruwan zinariya, wanda 'yan Sin ke ɗauka mai kawo arziki. Tun 1975 yana cikin jerin halittun da yarjejeniyar duniya ta CITES, mai kare halittun da ke neman ƙarewa, ta fi tsaurara cinikinsu, sai wanda aka haifa a gonar kifi mai rajista a irin su Malesiya da Indonesiya da Singafo, kuma da 'yar na'ura a jikinsa da takardar shaida. Nawa na talakawa ne. Tsadarsa ba a shago take ba, a gida take zuwa.

Ta kuwa zo. Bayan ƙaramar Sallah na ɗora tef a gilashi na ga 48. Faɗin tankin 45 ne. In zai juya sai ya naɗe jiki, wutsiya na shafar gilashin gaba, gemu na shafar na baya. Idonsa na hagu ma ya fara kallon ƙasa kaɗan, abin da masu kiwonsa ke yawan gani a farin arowana, wasu su ce kitse ne, wasu su ce yawan leƙen ƙasa, wasu su ce buguwar kai. Na rage masa mai maiƙo, na jefa ƙwallon tebur biyu suna yawo a sama don ya riƙa ɗaga ido. Amma maganar gaskiya wurin ne ya yi masa kaɗan, kuma kifin nan yana iya kaiwa santimita 90.

Na zauna da mai gilashi muka yi lissafi: tsawo 240, faɗi 80, zurfi 60, gilashi mai kaurin milimita 12 da maɗaurai a sama. Lita 1,152, wato ruwan kaɗai ya haura tan guda, ban da gilashi da ƙarfe. Allah ya taimake ni ɗakinmu a ƙasa yake, daɓen siminti, duk da haka sai da na kai wa mai gida goro na yi masa bayani. Ba zai shiga ta lungun gidanmu a haɗe ba, dole a cikin falon za a haɗa shi. Bango ɗaya ne kuma a falon mai wannan tsawo, kuma a nan kabet ɗin uwargida yake, da kwanukan aurenta da tangaran a jere.

Na yi kwana uku ina zagaye maganar. Ita ta gaji ta ce, "Maigida, in kabet ɗin kake so ka faɗa, ka daina auna bangona da tef in na juya baya." Leshi ɗaya da atamfa biyu ya ci ni, kuma ni na ɗinka, babu kuɗin ɗinki. Kabet ya koma uwar ɗaka, sai an yi gefe-gefe ake wucewa.

Mai walda ya yi teburin ƙarfe, muka daidaita shi da ma'aunin magina, muka shimfiɗa farin soso a ƙarƙashin gilashin. Mako guda aka bar gam ɗin ya bushe, wani makon aka cika shi da ruwa ana duban yoyo. Tankar ruwa na saya, galan ba zai yi wannan aikin ba. Tsohuwar filta na ɗauko da sosonta da dattinta na jona a sabon tare da babbar da na saya, ban sake wancan wautar ba. Silba dala suka fara shiga, sai gwando da kurungu, aka ba su kwana goma ina gwada ruwa.

Ranar tashinsa yana santimita 55. Ba a kama irinsa da koma, gemu na karyewa, ɓawo na zuba. Na rage ruwan tsohon tankin zuwa rabi, na nutsa wata babbar leda mai kauri, ni da babban yaron shagona muka lallaɓa shi har ya shige da kansa, muka murɗe bakin. Ya yi bugu ɗaya da ya jiƙa mu har wuya. Taku huɗu ne tsakanin tankunan biyu, yaron yana cewa, "Masta, riƙe ƙasan, riƙe ƙasan." Muka nutsa ledar muka buɗe, muka ja murfi da sauri.

Ya tsaya cik a tsakiya kamar minti guda. Sannan ya tafi har ƙarshe, ya juya bai taɓa gilashi ba, ya dawo. 'Yata kuwa tuni ta ɗauko robar gofinta ta tsaya gaban tsohon tankin, tana tambaya ko yanzu ya zama nata.